Fentin ɗan samfurin kan jirgi mai kwal: na waje za a yi oda, ko na kasuwar Sakkwato ya isa?

Wanda ya gama harhaɗa ɗan samfurin kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal yana huci da tururi, abin da ya rage masa fenti ne, kuma a nan ne hannu ke yin sanyi. Wani ɗalibi ne da zai kai aikinsa baje koli a makaranta. Wani ya tsinci tsohon na Hornby ko Märklin, kamfanonin Turai masu ƙera samfuran jirage, cikin kayan gwanjo, fentin duk ya ɓare. Wani kuma da gwangwani da waya ya ƙera nasa, yana so ya yi kama da wanda kakansa ke ba da labarin ya shiga a Gusau. Dukansu hanyoyi biyar ne a gabansu: fentin da aka haɗa musamman domin jiragen ƙasa, ƙananan gwangwanayen fentin mai na masu samfuri, akirilik na kwalba, fentin mota da ake haɗawa a nan cikin gari, ko gwangwanin feshi na kasuwa. A ganina babu wanda ya fi sauran a kowane hali. Jirgin da ka zaɓa da watan da za ka yi aikin su ne za su raba gardama.

Wane jirgi, kuma na wace shekara?

Kada a taɓa aljihu sai an amsa wannan. Kan jirgi ɗaya yakan sauya riga sau da yawa a rayuwarsa. Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Donkasta ta Ingila a 1923, ya fara da kore mai haske na kamfanin LNER. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka mayar da shi baƙi. Bayan gwamnati ta karɓe jiragen ƙasar Birtaniya a 1948 ya sa shuɗi na ɗan lokaci, daga baya ya koma kore mai duhu. Lambarsa ma ta sauya: 4472 tana tafiya da koren farko, 60103 kuma da shuɗin ko koren duhu. Wanda ya haɗa lambar wancan zamani da launin wannan, ko da fentin zinariya ya shafa, mai ido zai gane.

Sauran launukan Ingila da aka fi nema su ne shuɗin Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa a ranar 3 ga Yuli 1938, da jan duhu mai kama da ruwan hanta na kamfanin LMS, da koren kamfanin GWR. Na Jamus sun fi sauƙi: jiki baƙi, ƙafafu da ƙarafan ƙasa ja, kuma kowane launi yana da lamba a tsarin RAL da suka kafa tun 1927. Baƙin shi ne RAL 9005, jan kuma RAL 3000, sai dai jiragen Jamus ta Yamma sun koma RAL 3002 mai ɗan duhu a shekarun 1950. A Amurka yawancinsu baƙaƙe ne, amma gaban tukunya inda hayaƙi ke taruwa akan shafe shi da garin girafait da mai, saboda fenti ba ya jure zafin wurin, shi ya sa yake fitowa toka-toka mai ɗan ƙyalli.

Namu na gida fa? Layin dogo bai taɓa isowa birnin Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, shekara goma sha takwas bayan jirgi ya shiga Kano a 1911. Gyaɗa da auduga da fatun tsohon lardin Sakkwato ta nan suka riƙa bi zuwa Ikko. Kawunan jirgin da suka yi wannan dako yawancinsu ƙirar Ingila ne, kamar jerin nan da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta fara kawowa a 1948, da manyan kawuna irin Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchesta. Kwal ɗin Inugu suke ci, kuma sun ci gaba da aiki har shekarun 1970 duk da dizal ya fara shigowa tun tsakiyar shekarun 1950. A hotunan bakin aiki baƙi ne ya rinjaye jikinsu, ga toka ga ƙura. Mai son yin irin waɗannan, tsoffin ma'aikatan reluwe da ke Gusau da Zariya sun fi masa kowane shafin intanet. Ka je da hoto, ka gaida baba da kyau, ka tambaye shi launin goshin jirgi da na cikin ɗakin direba. Amsarsa za ta fi ƙarfi idan mutum biyu ko uku suka faɗi abu guda.

Hoto kansa yana da tarko. Masana'antun Ingila kan shafa wa sabon kan jirgi fenti ruwan toka marar sheƙi kafin a ɗauke shi hoto, domin kowane ƙusa ya fito fili, sannan a yi masa launinsa na aiki. Mai koyo sai ya ga hoton masana'anta ya ɗauka haka jirgin yake yawo. Fim ɗin da aka yi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 kuma ba ya ganin ja, yakan fitar da shi baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Hotuna masu launi sun koɗe, kowace waya kuma da yadda fuskarta ke nuna kore. Kan jirgin da ke gidan tarihi, kamar na birnin York a Ingila, an sake masa fenti da sinadaran zamani, an goge shi yana walƙiya yadda bai taɓa yi ba a kan hanya.

Ma'aunan da na auna hanyoyin nan biyar da su

Na farko kusancin launi da na ainihi. Sai dai a san cewa na ainihin ma ba tsayayye ba ne. Kafin a daidaita lambobi, da hannu ake dama fenti a kowace ma'aikata, koren da aka haɗa da shuɗi da ɗorawa yakan bambanta daga wannan tukunya zuwa waccan, ruwan rufin da ake bi da shi kuma yana yin ɗorawa-ɗorawa da tsufa. Ko a cikin kamfanin LNER ɗaya, koren ma'aikatarsa ta Donkasta da na ta Dalintin ba su zo daidai ba.

Na biyu sheƙi da kauri, kuma shi ne aka fi rainawa. Samfurin sikelin OO kashi ɗaya ne cikin 76 na jirgin gaske, na HO ɗaya cikin 87. Idan ka kalli na OO daga nisan mita ɗaya, tamkar ka hango na gaske ne daga mita 76. Duk wanda ya taɓa hango tirela daga nesa a hanyar Illela cikin hazon hunturu ya san yadda nisa ke shanye launi, baƙi ya koma toka, ja ya dushe. Haka ya kamata samfuri ya ɗan yi. Baƙi ƙirin mai walƙiya a jikin abu mai tsawon taƙi yakan haɗiye dukan ƙananan bututu da ƙusoshi, abin ya koma kamar kayan wasan yara. Fenti mai kauri kuwa cike su yake yi gaba ɗaya.

Na uku jituwa da jikin samfurin. Roba, tagulla, gwangwani da itace kowanne da abin da yake karɓa. Tinan fentin mota yana narkar da irin robar da ake yin samfura da ita. Tagulla kuma ba ta riƙe fenti sai an fara shimfiɗa mata na ƙasa mai cizon ƙarfe.

Na huɗu halin fentin a yanayinmu, abin da takardar jikin gwangwani ba za ta gaya maka ba, domin ba don garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu aka rubuta ta ba. Sai kuɗi da wahalar samu, da ƙarko, da haɗari ga ƙirji da ido.

Fentin jiragen ƙasa na musamman

Phoenix Precision da Railmatch, dukansu na Ingila, su ne aka fi sani. A kusancin launi babu na biyunsu idan jirgin Birtaniya kake yi. Phoenix har rarrabe koren GWR yake yi zamani-zamani, yana sayar da koren Donkasta daban da na Dalintin, ana kuma samun launi ɗaya a mai sheƙi ko mai dishi. Ƙwayar fentin tana da laushi, ba ta cike zane. Ƙaramin gwangwani mai mililita 14 ya ishi jikin kan jirgin OO har a rage.

Matsalar ita ce yadda zai iso Sakkwato. Yawancinsa fentin mai ne mai kama wuta, kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna da tsauraran dokoki a kansa, 'yan kasuwa da yawa ma ba sa tura shi wajen ƙasarsu. In an samu hanya, kuɗin dako kan fi kuɗin fentin, ga canjin fam a kai. Idan kuma ya ƙare ana tsakar aiki, sai jira. Wanda zai bi wannan hanya ya sayi biyu lokaci guda.

Ga jirgi baƙi, wannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Amma kore da jan duhu na Ingila suna da wuyar sha'ani. Ɗigon ɗorawa ɗaya ya yi yawa, koren ya koma na ganyen latas. A nan kuɗin yana biyan kansa.

Ƙananan gwangwanayen fentin mai: Humbrol da Revell

Waɗannan na kowa da kowa ne cikin masu samfuri, daga mai jirgin sama har mai tankar yaƙi, saboda haka sun fi sauƙin samu ta oda. Mililita 14 ne su ma. A Humbrol, lamba 33 baƙi ne marar sheƙi, 85 baƙin kwal mai ɗan sheƙi, 21 mai walƙiya. Lamba 85 ita ce ta fi dacewa da kan jirgin da ake kula da shi amma yana aiki. Revell kuwa yana da wata falala ga mai jirgin Jamus: launukansa da yawa a kan lambar RAL aka yi su. Lamba 302 ita ce RAL 9005 mai ɗan sheƙi, 330 ita ce RAL 3000, 36 kuma RAL 3002. Ka ga babu sauran kintace.

Da buroshi ba su da na biyu, domin fentin yana kwanciya da kansa, sawun gashi ya ɓace kafin ya bushe. In ya bushe kuma yana da tauri, yana jure taɓawa. Ba ya cin roba.

Aibinsa jinkirin bushewa. Yakan ɗauki awanni yana danƙo, shafa na biyu kuma gara a bari sai washegari. A watan Disamba ko Janairu waɗannan awanni sun isa ƙura ta yi masa ado. Dabarar ba wuya: a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin a fara, a kashe fanka, a rufe taga, da an gama shafawa a kifa wa samfurin wankakken bokitin roba, a ɗan tokare gefe ɗaya da tsinken ashana domin warin ya fita. Sai kuma a dama shi sosai kafin amfani, ba girgizawa kawai ba. Abin da ke kashe sheƙi a ƙasan gwangwani yake kwanciya, in ba a taso da shi da tsinke ba, marar sheƙi sai ya fito yana walƙiya. Gwangwanin da aka buɗe kuma, zafin bazara kan sa ya yi fata a sama. A goge bakinsa, a danne murfin da kyau, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki.

Akirilik na kwalba: Tamiya da Vallejo

Saurin bushewa shi ne alherinsa, shi ne kuma sharrinsa. Cikin mintuna ya kama, ƙura ba ta samun damar zama. Warinsa kaɗan ne, ana wanke buroshi da ruwa, wanda ke aiki a ɗaki ɗaya da iyali zai ji daɗin wannan. Vallejo na Sifen ruwa ne tushensa, shi ya sa aiko da shi ya fi sauƙi, kwalbarsa kuma mai ɗigo ce, tana sa a iya ƙirga haɗi a maimaita shi gobe. Tamiya na Japan yana da sinadarin alkohol a ciki, ya fi kyau da ɗan injin feshi, da nasa tinan mai lamba X-20A.

Wajen baƙi Tamiya ya yi fice. XF-1 baƙi ne sosai marar sheƙi, X-18 mai ɗan sheƙi, amma XF-69 da XF-85 su ne abin nema, domin baƙaƙe ne da aka riga aka sassauta, sun yi kama da ƙarfen da ya sha rana da hayaƙi. Ga kan jirgin reluwen Najeriya, da ɗayan waɗannan zan yi jiki, in bar XF-1 don cikin bututun hayaƙi da ƙarƙashin tukunya inda inuwa take. Koren Ingila da jan duhunsu kuwa sai an haɗa da hannu, kuma sai an yi haƙurin gwaji.

A bazara fentin yakan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jiki. Da injin feshi kuma yakan bushe a iska, ya sauka kamar yashi, in ka shafa yatsa ka ji kaushi. Maganinsa aiki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a ƙara tsinka shi, a matso da bakin injin kusa, a sa ɗigon sinadarin jinkirta bushewa da kamfanonin biyu ke sayarwa. A ƙarko yana bayan fentin mai. A kan ƙarfe tsirara farce ma yana ɗaye shi, don haka shimfiɗar ƙasa dole ce, haka ma ruwan rufi marar launi a sama.

Fentin mota da ake haɗawa a gari

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ina ganin ta fi ƙarfin raini. Masu haɗa fentin mota sana'arsu ke nan kullum: a kawo musu murfin tankin mai, su dama har launin ya zo daidai da jikin motar. Idon da ya iya wannan zai iya koren jirgi, in an ba shi abin dubawa na ƙwarai. Kada ka miƙa masa waya ka ce, "Maigida, irin wannan nake so." Ka je da abu a hannu: katin launi na RAL, ko wani sashe na samfurin da fentinsa na asali bai lalace ba, ko ɗan ƙarfen da aka shafa wa fentin gaske. Koren duhu na jiragen Birtaniya bayan 1948 ana danganta shi da lamba 224 a tsarin launukansu na BS 381C. Mai shagon da ke da littafin launuka zai gane da lamba.

Ka tsaya a kansa yana haɗawa. Ya ɗiga a kan farin ƙarfe, ku fita da shi inuwar rumfa, ku jira ya bushe, domin jiƙaƙƙen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Ka roƙe shi ya ɗan sassauta duhun. A kuɗi kuwa, in aka auna da mililita, babu wanda ya kai shi araha, sai dai mafi ƙarancin abin da za a haɗa maka ya ishi jirage goma. Masu sha'awa biyu ko uku sai su haɗa kuɗi.

Haɗarinsa biyu ne, kuma manya. Tinansa mai zafi ne, a kan roba tsirara jikin samfurin zai yamutse, kuma ba gyara. A kan gwangwani ko tagulla da aka yi wa shimfiɗa babu wannan tsoro, ƙarkonsa ma ya fi na kowa. Na biyu lafiya. Irin wanda ake zuba wa sinadarin taurarawa yana ɗauke da gubar da ke lalata huhu, takunkumin kyalle ba ya tare ta. Kada a shigo da shi gida. A nemi irin wanda ke bushewa da iska kawai, a yi feshin a fili. Ba ya shafuwa da buroshi, kuma babbar bindigar feshin gareji ruwan fenti take yi wa ƙaramin abu. In babu ɗan injin feshi na masu zane, wannan hanya ba taka ba ce, sai in samfurin babba ne. Da damina kuma, ranar da iska ta yi laima yakan bushe da wani fari-fari a fuska, a jira rana mai bushewa.

Gwangwanin feshi na kasuwa

Shi ne mafi kusa da hannu, akwai shi a babbar kasuwa da shagunan kayan gini da na kayan babur. Launukansa kaɗan ne, kuma launin murfi ba alkawari ba ne. Korensa na ƙofar shago ne, jansa na tankin babur. Amma baƙi marar sheƙi da ruwan toka na shimfiɗa suna da amfani ƙwarai, musamman ga samfurin gwangwani mai girman kamu ɗaya ko fiye.

Yana fitar da fenti da yawa a lokaci guda. A tsaya nesa da kamar tsawon hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, a fara danna kan kafin a iso jikin samfurin, a wuce da sauri, a saki bayan an wuce. Shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai tsiyaya. Wasu suna cin roba, wasu ba sa ci, kuma ba a rubuta ba, sai an gwada. Kada a bar gwangwanin cikin mota ko a rana, zafi yana iya fasa shi.

Fentin mai na ƙofa da taga, da fentin bango, a bar su inda suke. Kaurinsu ya yi yawa. Akirilik na masu zane da ke cikin ɗan bututu kuwa ba ya kama ƙarfe da kyau, amma in an tsinka shi da ruwa yana yin aikin datti da tsatsa.

A taƙaice cikin jadawali

| Fenti | Kusancin launi | Kuɗi da samu | Ƙarko | Sauƙin aiki a Sakkwato | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na jirage na musamman | Mafi kusa ga na Ingila | Mafi tsada, sai oda | Mai kyau | Yana son kariya daga ƙura | Ya ƙare ana tsakar aiki |
| Humbrol, Revell | Daidai ga baƙi da na Jamus | Matsakaici, sai aike | Mai kyau | Ya fi kowa da buroshi | Ƙura a kan ɗanyen fenti |
| Tamiya, Vallejo | Baƙi madalla, kore sai haɗi | Matsakaici, sai aike | Sai da shimfiɗa da rufi | Ya dace da hunturu, wuya a bazara | Kaushi, ɗayewa |
| Fentin mota | Gwargwadon abin dubawa da idon mai haɗi | Araha a mililita, cikin gari | Mafi ƙarko | Sai ƙaramin injin feshi | Narkar da roba, huhu |
| Gwangwanin feshi | Baƙi da toka kawai | Mafi araha, ko'ina | Matsakaici | Sauƙi ga babban samfuri | Tsiyaya, cike zane |

Gwajin da bai kamata a tsallake ba

Ko wanne ka zaɓa, ka sayi farin cokulan roba na cin abinci. Ka yi wa bayan cokali duk abin da za ka yi wa jirgin: shimfiɗa, launi, rufi. Lanƙwasarsa tana nuna sheƙi yadda tukunyar jirgi za ta nuna, kuma in fentin mai cin roba ne, cokali ne zai yi asara. Ka rubuta haɗin a jikin mariƙin. Ka duba shi a inuwa da hantsi, sannan ka sake dubawa da dare a ƙarƙashin ƙwan da ke ɗakin da samfurin zai zauna, domin fararen ƙwayayen lantarki na zamani suna jan kore zuwa shuɗi, jan duhu kuma su kashe shi.

Launin shimfiɗa ma yana da tasiri, musamman ga ja, wanda ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ja a kan baƙi ruwan ƙasa yake komawa. Ƙafafun jirgin Jamus da goshin na Ingila suna son shimfiɗa fara ko ruwan toka mai haske, jan LMS kuwa yana son shimfiɗa mai ruwan makuba. Wajen sassauta baƙi da kanka, fara da ɗigo goma na baƙi, ɗaya na fari, ɗaya na ruwan ƙasa, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Kore kuma kada a sassauta shi da fari zalla, yakan yi fatsi-fatsi, ɗigon ɗorawa ko na toka ya fi.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai yin kan jirgin reluwen Najeriya, irin wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Ƙaura, ba ya buƙatar odar komai daga Ingila. In ƙarami ne na roba, sassautaccen baƙi na Tamiya ko Humbrol 85 ya wadatar, sai ya kashe sauran ƙoƙarinsa a kan datti: toka a saman tukunya, farin sawun ruwa a inda tururi ke tsiyaya, jan ƙura a ƙafafu, ɗan sheƙin mai a sandunan da ke juya su. Garin alli mai launi da busasshen buroshi sun isa wannan.

Mai jirgin Jamus ya nemi Revell da lambobinsa, ko ya kai lambar RAL wurin mai fentin mota in jikin ƙarfe ne. Ya dai tabbatar da shekarar kafin ya zaɓi ja.

Mai Flying Scotsman ko Mallard ko wani na LMS da yake so ya ajiye a gilashi, ya daure ya nemi fentin musamman na launin jiki kaɗai, sauran baƙi da ja ya cike da na kusa. In hanyar oda ta toshe, mai haɗa fentin mota da katin launi a hannu shi ne na biyu, da sharaɗin jikin ba roba tsirara ba ne.

Ɗalibin da baje kolinsa saura mako guda, samfurinsa kuma babba ne na gwangwani, ya sayi feshi ruwan toka da baƙi marar sheƙi a kasuwa, ya yi goshi da ƙananan wurare da buroshi. Wanda ya tsinci tsohon Hornby ko Märklin a gwanjo kuwa, kafin ya kankare komai ya wanke shi da ruwa da ɗan sabulu ya duba. In fentin asali bai lalace sosai ba, cike gurbin da ya ɓare da siririn buroshi ya fi sabon fenti, domin masu tara irin waɗannan sun fi daraja wanda ke da fentin masana'anta. Mai ƙananan yara a gida ko mai ciwon asma ya tsaya a kan Vallejo, ya yi aikinsa da sassafe tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kofin ruwa a gefe yana tsoma buroshi kada ya ƙafe.